Kada jinin al'ada ya raba yarinya da aji

Yarinyar da ke ƙin zuwa makaranta a kwanakin al'adarta ba lalaci ke damunta ba. Tsoro take yi kada jini ya ɓata mata kaya a gaban 'yan ajinsu. Idan kwana 3 take rasawa duk wata, a watanni 9 na karatu ta yi asarar kwana 27. Darasi ya wuce ta, jarrabawa ta gagare ta, daga nan sai a ce ta haƙura ta zauna gida.

Ba kowane gida a karkara ke iya sayen audugar mata duk wata ba, kuma kunzugun yadi ba abin kunya ba ne muddin an kula da shi. A samu yadin auduga mai laushi, mai shan ruwa. Ta mallaki kamar guda 6, domin za ta riƙa canzawa duk bayan awa 4 zuwa 6, ta kuma tafi makaranta da 'yar jaka ta saka wanda ta cire.

Wajen wanki da shanya ne aka fi samun matsala. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi, don ruwan zafi kama jini yake yi a jikin yadi. Sai a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Yara da yawa kunya ke sa su cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa. Can yake yin fumfuna, ya tara ƙwayoyin cuta, sai ƙaiƙayi da ƙuraje da wari su biyo baya. Iyaye mata, ku nuna musu dabara: a shanya a igiya, a lulluɓa siririn yadi a kai.

Makaranta kuwa tana buƙatar banɗakin mata daban, mai ƙofa da sakata, da ruwa da sabulu da bokiti mai murfi. Kada a jefa auduga a masai, tana toshe shi ko ta cika ramin da wuri. A ware malama guda da yara suka saki jiki da ita, ta ajiye auduga da kayan canji. Hukumomi ma da nasu aikin: Kenya ta cire wa audugar mata haraji tun 2004, a 2017 kuma ta yi dokar raba ta kyauta a makarantun gwamnati.

Ciwon mara yakan lafa da ɗora gorar ruwan ɗumi a kan marar da shan farasitamol. Amma idan jini ya wuce kwana 7, ko yana cika kunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko tana jiri, a kai ta asibiti, ana iya samun ƙarancin jini.

Uwa ta fara yi wa 'yarta bayani tun tana shekara 9 ko 10, kafin jinin farko ya zo mata tana zaune a aji.