Ra'i ba ra'ayi ba ne

Kwanan nan duk inda aka buɗe muhawara a kan koyar da adabi, a rediyo ko a intanet, sai ka ji ana jefa kalmar "ra'in tarke", wato hanyar nazari mai bin diddigin abin da aka saba ɗauka "haka yake". Wasu na ambatonta da fargaba, kamar wata aƙida ce da ake ɗura wa yara. Wannan tsoron ya yi ƙarfi a Amurka, musamman a kan reshen ra'in da ya shafi launin fata, inda a 2021 jihohi irin su Texas da Oklahoma suka yi dokar taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata. Wasu kuma sai su ce "ai ra'in kowa daban", alhali ra'ayi suke nufi. Wannan na biyun ne ya fi sosa mini rai.

Gaskiya ne ra'i da ra'ayi tushensu ɗaya, daga aikatau na Larabci mai ma'anar gani. Kalmar da Larabawa ke kiran ra'i da ita ma, nazariyya, daga nazar take, wato dubawa, inda muka samo namu nazari. Ta Girkawa kuwa, wadda harsunan Turai suka gada, asalinta kallo ne, 'yar'uwar kalmar da suke kiran dandalin wasan kwaikwayo da ita. Duk a kan ido aka tsaya. Sai dai ra'ayi shi ne abin da ka faɗa bayan ka gani, ra'i kuma wurin da ka tsaya kafin ka duba, da tambayoyin da ka riƙo. Ɗalibar da ta ce labari bai burge ta ba, ra'ayi ta bayar, kuma haƙƙinta ne. Wadda ta tambayi wa ke da dukiya a labarin, wa ke yi masa wahala, ta taka ra'in Markisanci ko da ba ta taɓa jin sunan Karl Marx ba.

Tarke kuma ba kushe ba ne. A 1937 da Max Horkheimer, na cibiyar nazarin zamantakewa da aka kafa a Frankfurt ta Jamus a 1923, ya bambanta ra'in gargajiya da ra'in tarke, abin da yake nufi shi ne mai nazari ya tambayi yadda abin da ake ɗauka "haka yake" ya zama haka, da kuma wanda ke cin moriyarsa.

Dubi abin da Chinua Achebe ya yi a 1975 a Jami'ar Massachusetts. Littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, tun 1899 ake karanta shi, malamai na koyar da shi a matsayin tona asirin mulkin mallaka a Kwango da duhun zuciyar ɗan Adam. Achebe bai ƙara masa harafi ko ɗaya ba. Ya sauya wurin tsayuwa, ya tambayi ina muryar mutanen ƙasar take. Sai ya nuna cewa sau biyu kacal marubucin ya ba su bakin yin maganar da mai karatu zai gane, sauran duk gurnani da ihu. Hujjar tana kan takarda, kowa na iya buɗewa ya ƙirga. Masana da dama ba su yarda da hukuncinsa a kan Conrad ba, amma dole su ma suka koma cikin shafukan neman tasu hujjar. Da ra'ayi kawai ya faɗa, da ba wanda zai sha wannan wahalar.

Abin da ke ba ni takaici a aji shi ne yadda muka mayar da ra'i hula. Ɗalibi ya rubuta "an ɗora wannan aiki a kan ra'in matantaka", wato ra'in da ke duba matsayin mata, ya jero tarihin ra'in shafi uku, sannan ya koma ba da labarin littafin daga farko zuwa ƙarshe, ba tambaya ɗaya da ra'in ya haifar. Wani kuma ya riga ya yanke cewa an zalunci mace tun bai buɗe bangon ba. Laifin rabinsa namu ne masu koyarwa, da muke fara ba da sunayen mazhabobin nazari kafin yaro ya karanta komai. Ni na fi son a miƙa gajeren labari ɗaya, a karanta shi sau uku da tambayoyi uku daban, sannan a nemi kowa ya nuna layin da ya ƙi bin ra'in da ya zaɓa. Sunan ra'in ya jira mako na gaba.