Sakkwatanci ba gurɓatacciyar Hausa ba ce

A tashar Kawo na ji wani yaron mota yana yi wa fasinja dariya don ya ce masa, "Mi kaka so, yaro? Ka ga hullata ta hwaɗi." Wai Hausar ƙauye ce. Amma kafin ya gama dariyar ya riga ya sunkuya ya ɗauko masa hular. To, ina rashin fahimtar?

An daɗe ana ɗauka cewa Kananci ne Hausa ta asali, sauran kuwa karkatattu ne da ba a gane su. Ba haka ba ne. Daidaitacciyar Hausa zaɓarta aka yi domin rubutu, aka ɗora ta a kan karin Kano, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da makarantu da rediyo suka yaɗa ta. Ko Bakanon ma "guri" yake cewa a baki, ya rubuta "wuri". Masana harshe ma suna ganin karin yamma, wato irin su Sakkwatanci, ya fi riƙe tsofaffin siffofin Hausa.

Yawancin bambancin na furuci ne: "tahi" da "tafi", "shina" da "yana". Kalmomin da ke rikita mutum 'yan kaɗan ne. Basakkwace ya ce yaro "shina kwana", yana nufin barci yake yi. Ya ce "habɗi", mu mu ce toka.

Mu 'yan Kaduna ma mu yi a hankali da dariyar, mu da muke cewa "rigan nan" da "matan shi ya zo".