Me ake nufi da sonar na agara bayan an gyara ƙafar jariri?

Iyaye a Jidda da Makka kan ji likitan ƙashi ya ce a yi wa yaro sonar a diddige, su yi mamaki, domin sun saba da sonar na masu ciki. Na'urar iri ɗaya ce, da sauti take aiki, ba ta da tiririn hoton ƙashi. A nan agara ake dubawa, jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da diddige.

Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da ƙafa a murɗe, abin da Larabawa ke kira ƙadam hanfa'u. Yawanci da hanyar Ponseti ake gyara ta, sunan likitan da ya tsara ta ne a Iowa ta Amurka. Kowane mako a miƙar da ƙafar kaɗan a sa jibs, wato ɗauri mai tauri irin na karaya, sau 5 ko 6. Yawancin yaran sai an tsinke musu agara da siririyar wuƙa, kimanin santimita 1 sama da ƙashin diddige, domin ta yi gajarta har ta hana tafin ƙafa ɗagowa. Daga nan sai jibs na ƙarshe, mako 3.

Jijiyar da kanta take haɗewa, ba a ɗinke ta. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, ga shi ƙafar jariri galibi guringuntsi ce, shi ya sa ake komawa ga sonar. Da an yanka, ana ganin giɓi mai duhu tsakanin bakin biyu, jini ne ya cika shi. Wajen mako 3 sabon nama ya cike giɓin, amma zarensa a hargitse. Daga mako 6 zuwa 12 zaren kan fara jeruwa a tsaye. Wurin kan daɗe da kauri fiye da asali, kuma wannan ba matsala ba ne.

Hoton da aka ɗauka ƙafa na kwance bai isa ba. Mai dubawa ya ɗaga tafin ƙafar ya sauke, yana kallon ko jijiyar na tafiya gaba ɗaya. Kuma kan na'urar ya tsaya daidai a kan jijiyar, don in ya karkata, lafiyayyar jijiya ma sai ta yi baƙi kamar a tsinke take. Sonar na iya gano yankan da bai kammala ba, da kumburin jijiyar jini, wanda ba kasafai yake faruwa ba.

Ba kowane yaro ake yi wa sonar ɗin ba, duba da hannu kan wadatar. Kyawun hoton kuma ba ya ɗauke takalmi mai sandar ƙarfe da ake sa wa yaro bayan jibs na ƙarshe: awa 23 kullum na wata 3, sannan lokacin barci har shekara 4 ko 5. Yawancin ƙafafun da suka sake murɗewa, takalmin aka ajiye da wuri.