Shafaffen Tafin Ƙafa a Manya: Atisaye da Gashin Lantarki

Kowane shafaffen tafi ne atisaye ke gyarawa?

A'a. Ka yi ɗage a kan yatsu: idan kwarin tafin ya dawo, ƙafar mai laushi ce, ƙarfafa tsoka zai taimaka. Idan ya tsaya a shafe, matsalar ta ƙashi ce ko gaɓa. Wanda kuma ƙafarsa ta fara shafewa bayan ya girma, da ciwo a bayan idon sawu ta ciki, har ya kasa ɗage da ƙafa ɗaya, ya fara ganin likita, domin galibi jijiyar da ke riƙe kwarin ce ta yi rauni.

Wane atisaye ya fi muhimmanci?

Na tattaro tafi. Ka zauna, ƙafa a ƙasa ba takalmi, ka jawo gindin babban yatsa zuwa wajen dunduniya har kwarin ya tashi. Ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10, zagaye 3 a rana. A nan mutane ke kuskure: sai su dunƙule yatsu, ko gindin babban yatsan ya bar ƙasa. Da zarar haka ta faru, dogayen tsokokin ƙwauri sun karɓe aikin, ƙananan na tafi ba su motsa ba. Idan ya zauna maka, ka koma yi a tsaye, daga baya da ƙafa ɗaya.

Ka haɗa da ɗage, ƙaramar ƙwallo matse tsakanin dunduniyoyi, da miƙe sharaɓa na daƙiƙa 30. Sharaɓa mai tauri tana ƙara danne kwarin. A ba atisayen mako 6 zuwa 8 kafin a yanke hukunci.

Ina amfanin lantarkin?

Tayar da tsokar da mutum ya kasa motsawa da kansa. Likitan gashin ƙashi yana manna ƙananan faifai biyu na na'urar tayar da tsoka da lantarki a gefen tafi na ciki, kan tsokar da ke buɗe babban yatsa, ya ƙara wuta sannu a hankali har tsokar ta matse ba tare da zafi ba, na kusan minti 15 zuwa 20. Ka riƙa tattaro tafin daidai lokacin da wutar ta kama. Kwanciya kawai a bar wa na'ura aikin amfaninsa kaɗan ne. Kada a rikita wannan na'ura da TENS, wata na'urar lantarki da ake mannawa a fata, wadda rage ciwo kawai take yi.

Wa bai kamata a sa wa ba?

Mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai gyambo ko gudan jini a ƙafa, da mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji, don fatarsa na iya ƙonewa bai sani ba. Mai juna biyu da mai farfaɗiya su fara tuntuɓar likita.