Aikin fasto da shugabancin ikilisiya a ɗariƙar Baptis

A ɗariƙar Baptis, fasto shi ne mutumin da wata ikilisiya ta kira da kanta domin ya yi mata wa'azi, ya yi baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu), ya kuma yi kiwon membobinta. A yawancin ƙasashe babu bishop a samansa da zai tura shi wuri ko ya ɗauke shi daga can. Taron membobi ne ke kiransa, taron ne kuma ke da ikon sallamarsa. Akasarin matsalolin yau da kullum da fastocin Baptis ke fama da su, kamar wa ke riƙe da kuɗi, wa ke yanke hukunci, da yadda za a yi da memban da ya kauce hanya, daga wannan tsari suke tasowa. Ƙungiyar Baptis ta Duniya, wadda aka kafa a Landan a 1905, tana ƙirga membobi kimanin miliyan 50 a ikilisiyoyin da ke cikinta.

Asalin tsarin

Ana danganta mafarin ɗariƙar da wajen shekarar 1609 a birnin Amsterdam, inda wasu Turawan Ingila da suka gudu daga tsanani suka taru ƙarƙashin John Smyth. Smyth ya yi wa kansa baftisma, sannan ya yi wa sauran. Ra'ayinsu shi ne ikilisiya taron masu bi ne da suka shigo da yardar kansu, kuma ikon da Almasihu ya ba ikilisiya yana hannun jama'ar gaba ɗaya. Thomas Helwys ya komo Ingila da wani ɓangare na jama'ar a 1611 ko 1612, ya kafa ikilisiya a Spitalfields, a gefen Landan. Ana ganin a kurkuku ya rasu, wajen 1616.

Takardun furcin bangaskiya na ƙarni na 17 su ne suka rubuta tsarin filla-filla. Ikilisiyoyi bakwai na Landan suka fitar da na farko a 1644. Na biyu an rubuta shi a 1677, aka amince da shi a babban taron 1689, wanda wakilan ikilisiyoyi fiye da ɗari suka halarta. Wannan na biyun ya ce muƙamai biyu ne a ikilisiya, dattawa ko masu kula, da dikinoni. Ya ce da ƙuri'ar ikilisiyar kanta ake zaɓensu, a keɓe su da azumi da addu'a da ɗora hannu. Ya kuma ce idan wakilan ikilisiyoyi suka taru don warware wata rigima, shawara kawai za su bayar, ba su da ikon tilasta wa kowace ikilisiya. Wani reshe na Baptis na Ingila na wancan zamani, masu koyar da cewa Almasihu ya mutu domin dukan mutane, suna da muƙami na uku, ɗan saƙo mai zagaya ikilisiyoyi yana kafa sababbi, amma wannan muƙami bai yaɗu ba.

Fasto, dikinoni da dattawa

Nassoshin da ake kafa hujja da su su ne 1 Timoti sura 3, Titus sura 1, da Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci ga gwauraye domin manzanni su sami sukunin addu'a da koyarwa. Tsofaffin marubutan Baptis sukan ce dikin yana hidimar tebur uku: teburin Ubangiji, teburin fasto, da teburin matalauta. Wato ya tanadi kayan Jibi, ya tabbata fasto bai kwana da yunwa ba, ya kuma kai taimako ga mabukata.

A ƙarni na 19, musamman a Amurka, aikin dikin ya sauya kama. A 1846 R. B. C. Howell ya kwatanta dikinoni da hukumar da ke kula da dukiya da harkokin duniya na ikilisiya, kuma wannan fahimta ta samu karɓuwa ƙwarai. Sannu a hankali a wurare da yawa dikinoni suka zama tamkar hukumar gudanarwa ta kamfani, su ke duba kasafi, su ke tantance abin da zai je gaban taro, wani lokaci su ke yanke shawarar ko fasto zai ci gaba. Saɓanin fasto da dikinoni da ake yawan ji a nan yake da tushe. Fasto yakan zo ya tafi bayan 'yan shekaru, dikin kuwa sau da yawa a ikilisiyar aka haife shi, a nan kuma za a yi masa jana'iza, don haka ya san wa ya ba da filin ginin da kuma wa ya ɓata da wa.

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 wasu ikilisiyoyi sun koma tsarin dattawa da yawa, inda fasto mai albashi yake ɗaya daga cikinsu, dikinoni kuma suka koma hidima zalla. Masu goyon baya suna nuna cewa W. B. Johnson, shugaban farko na ƙungiyar Southern Baptist Convention ta Amurka, wadda ake taƙaita wa SBC, ya koyar da haka tun 1846. Masu suka suna ganin tsarin yana rage ikon taron membobi.

Kira da keɓewa

Baptis suna maganar kira iri biyu, wanda mutum yake ji a zuciyarsa da wanda ikilisiya take tabbatarwa. Na biyun ba wasa ba ne a da. William Carey, wanda daga baya ya tafi Indiya a 1793, ya yi wa'azin gwaji a gaban ikilisiyar Olney a Ingila a 1785, membobin ba su gamsu ba, suka ce ya ci gaba da gwadawa. Sai a shekara ta gaba suka amince su aike shi wa'azi, aka keɓe shi a Moulton a 1787. A lokacin dukanci yake yi, yana kuma koyar da yara domin ya ciyar da iyalinsa.

Hanyar da aka saba bi a yau ita ce ikilisiya ta naɗa kwamitin neman fasto, kwamitin ya saurari 'yan takara, ya kawo mutum ɗaya ya yi wa'azi, sannan membobi su kaɗa ƙuri'a. Kundin tsarin ikilisiyoyi da yawa yana neman rinjaye mai ƙarfi, kamar kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu, domin faston da ya shigo da ƙyar yakan sha wuya. Kafin keɓewa akan kira majalisar fastoci daga maƙwabtan ikilisiyoyi su yi wa mutumin tambayoyi kan tubansa, kiransa da koyarwarsa. A Amurka ikilisiya ita kaɗai tana iya keɓe mutum. A Birtaniya kuma akwai jerin fastocin da ƙungiyar ƙasa ta tantance. Ba kowa ya ɗauki keɓewa dole ba: shahararren fasto Charles Spurgeon, wanda aka kira zuwa ikilisiyar New Park Street a Landan a 1854 yana da shekara 19, bai taɓa yarda a keɓe shi ba.

Ilimin fasto

An daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu ganin kiran Allah ya isa da masu neman karatu. Makarantar fastoci ta Bristol a Ingila, wadda ta samo asali daga dukiyar da Edward Terrill ya ware a 1679, ita ake ɗauka mafi tsufa a ɗariƙar, ko da yake sai wajen 1720 ta kankama. Spurgeon ya fara tasa makarantar fastoci a 1856, yana karɓar matasan da suka riga suka fara wa'azi ko da iliminsu bai yi zurfi ba. Makarantar tauhidi ta farko ta SBC an buɗe ta a Greenville a 1859, ta koma Louisville a 1877, ta Ogbomosho a Najeriya kuma ta fara a 1898. Har yanzu a wurare da dama ikilisiya tana iya kiran mutumin da ba shi da takardar shaida ko ɗaya.

Albashi da sana'a

Fastocin farko da sana'arsu suke ci. Thomas Lambe sabulu yake dafawa, William Kiffin kuwa hamshaƙin ɗan kasuwa ne da ya yi kusan shekara sittin yana kiwon ikilisiya ɗaya a Landan har ya rasu a 1701. Da yake sun tsani harajin da ake karɓa dole domin cocin gwamnati, wasu membobi sun zarce har suna ƙyamar biyan fasto gaba ɗaya. Furcin 1689 ya tsawata kan haka, ya ce wajibi ne ikilisiya ta wadata fastonta gwargwadon ƙarfinta domin kada ya nutse cikin neman abinci. A 1717 aka kafa asusu a Landan don tallafa wa fastoci matalauta. A ƙauyukan Amurka na ƙarni na 18 da na 19, manomi mai wa'azi shi ne ya yaɗa ɗariƙar: yana noma sauran ranaku, ranar Lahadi ya hau doki, sau da yawa yana zagaya ikilisiyoyi huɗu, kowace sau ɗaya a wata.

Fasto mai aiki biyu bai ɓace ba, kuma a ƙananan ikilisiyoyi shi ne abin da aka saba. Kuɗin shiga daga baiko da zakka yake fitowa. Ƙa'idar da ake yawan koyarwa ita ce kada fasto ya riƙe kuɗi, kuma mutum biyu su ƙirga baiko tare. Gidan fasto mallakar ikilisiya yana rage nauyin haya, amma ranar da aiki ya ƙare gidan ma ya ƙare.

Taron ikilisiya

Nan ne ake karɓar sababbin membobi, a ba masu ƙaura takardar sallama zuwa wata ikilisiya, a amince da kasafi, a zaɓi masu hidima. Kowane memba da aka yi wa baftisma yana da murya, ko da yake a da ikilisiyoyi da yawa ba sa barin mata su yi magana ko su yi ƙuri'a. A ra'ayin tauhidi taron neman nufin Almasihu ne tare. A aikace yakan zama wurin musu a kan rufin gini. Littafin ƙa'idojin tafiyar da taro da aka fi amfani da shi a Amurka daga irin wannan yanayi ya fito: a 1863 aka roƙi wani hafsan injiniyan soja, Henry Martyn Robert, ya jagoranci taro a wani cocin Baptis a New Bedford, taron ya fi ƙarfinsa, ya ji kunya, ya shiga nazarin yadda ake tafiyar da majalisa har ya wallafa littafinsa a 1876.

Horo

Matakan suna cikin Matiyu 18:15-17: a ja kunnen mutum a keɓe, sannan da shaidu, sannan a gaban ikilisiya. Litattafan ajiyar tarurruka na ƙarni na 18 da na 19 cike suke da irin waɗannan shari'o'i, na shan giya, faɗa, zina, ƙin biyan bashi, rawa, da ƙaurace wa sujada. A jihohin kudancin ƙasar Amurka ranar Asabar ɗaya a wata ake zama domin wannan. Masanin tarihi Gregory Wills, wanda ya yi nazarin ikilisiyoyin jihar Jojiya, ya nuna cewa kafin yaƙin basasar Amurka akan fitar da kusan kashi 2 cikin ɗari na membobi a kowace shekara, wasu kuma a mai da su bayan sun tuba a fili. Al'adar ta ja baya sosai a ƙarni na 20. Abin da ya biyo baya shi ne rajista mai cike da sunayen mutanen da ba a gani ba shekara da shekaru, kuma share irin wannan rajista yana cikin ayyukan da sabon fasto yake taɓawa da taka-tsantsan.

Sujada da Jibin Ubangiji

Rigima a kan waƙa tsohuwa ce. Benjamin Keach, faston wata ikilisiya a Southwark da ke Landan, ya shigo da rera waƙoƙin da mutane suka tsara a hankali ƙwarai: da farko bayan Jibi kaɗai, wajen 1673, daga baya a ranakun godiya, sai a 1691 ikilisiya ta amince a riƙa yi kowace Lahadi. Ko a nan ma an ajiye waƙar a ƙarshen sujada domin wanda bai yarda ba ya fita. Duk da wannan lallami na kusan shekara ashirin, wasu sun ɓalle sun kafa tasu ikilisiyar a Maze Pond.

Batun wa zai ci Jibi ma ya raba kawuna tun shekarun 1670, lokacin da fasto kuma marubuci John Bunyan ya ce kowane mai bi na gaskiya ya matso, Kiffin kuma ya ce sai wanda aka yi wa baftisma bayan ya ba da gaskiya. Wasu a Amurka, masu bin J. R. Graves daga shekarun 1850, sun taƙaita shi ga membobin ikilisiyar kawai. Ra'ayoyin uku duk suna nan.

Dangantaka da sauran ikilisiyoyi

Ikilisiyoyi suna haɗuwa da yardar kansu. Ƙungiyar Philadelphia ta 1707 ita ce ta farko mai ɗorewa a Amurka. A 1925 SBC ta ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa, inda kowace ikilisiya take yanke kason da za ta aika, aka huta da wakilan makarantu da mishan da ke bin coci-coci suna roƙon baiko. Ƙungiya ba ta iya tsige fasto. Iyakar ikonta ta yanke zumunci da ikilisiyar.

Wannan iyaka ta zama abin muhawara bayan binciken da jaridun Houston Chronicle da San Antonio Express-News suka wallafa a 2019 kan cin zarafin lalata a ikilisiyoyin SBC, da rahoton bincike mai zaman kansa na 2022. Masu suka sun ce an fake da 'yancin kowace ikilisiya, masu laifi suna sauya wuri ba tare da an yi gargaɗi ba.

Mata a aikin fasto

A Ingila Edith Gates ce mace ta farko da ta riƙe ikilisiyar Baptis, a 1918. A SBC Addie Davis ce ta fara samun keɓewa, a Durham a 1964. Bayanin bangaskiyar SBC na 2000 ya keɓe muƙamin fasto ga maza, kuma a 2023 aka fitar da cocin Saddleback na jihar Kalifoniya daga SBC saboda naɗa mata. Ƙungiyoyin Baptis na Birtaniya da wasu na Amurka da Kanada suna keɓe mata. A 2024 yunƙurin sa haramcin cikin kundin tsarin SBC ya samu kimanin kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u, bai kai kashi biyu cikin uku da ake bukata ba.