Sauya ƙimar Buliyan kai tsaye a harsunan kwamfuta

Buliyan nau'in bayani ne mai ƙima biyu kacal, gaskiya ko ƙarya. Ya samo sunansa daga George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rasu a 1864. Sauyawa kai tsaye ita ce harshen kwamfuta ya ɗauki lamba, ko rubutu, ko jeri a matsayin gaskiya ko ƙarya, ko ya mai da Buliyan lamba, ba tare da mai rubuta manhaja ya umarce shi ba.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ya fito ba shi da nau'in Buliyan sai a bugun 1999. A wurinsa sifiri ƙarya ne, kowace lamba daban gaskiya ce. Hakan na taƙaita rubutu, amma akwai tarko: wanda ya rubuta `x = 5` maimakon `x == 5` a cikin sharaɗi (wurin da manhaja ke duba ko abu gaskiya ne kafin ta yi wani aiki) ya sauya ƙimar ke nan, ba kwatantawa ya yi ba, harshen kuma ba zai hana shi ba. A 2003 wani ya yi amfani da wannan dabara, ya cusa `uid = 0` (`uid` lambar shaidar mai amfani ce, 0 kuma ta mai gudanarwa ce) cikin wani kwafi na rubutun manhajar Linux, wadda ke tafiyar da kwamfuta, domin ya buɗa wa kansa ikon mai gudanarwa. An gano shi kafin ya shiga ainihin manhajar.

Harsuna ba su haɗu a kan abin da ake ɗauka ƙarya ba. A Python, sifiri da rubutu ko jerin da babu komai ciki duk ƙarya ne, kuma `True + True` (gaskiya a tara da gaskiya) na ba da 2. A Ruby da Lua sifiri gaskiya ne. JavaScript ya fi rikitarwa: rubutun `"0"` gaskiya ne a cikin sharaɗi, amma `"0" == false`, wato kwatanta shi da ƙarya, ma gaskiya yake bayarwa.

Babbar illar ita ce haɗa sifiri da rashi wuri guda, alhali ba ɗaya suke ba. Kafin Python 3.5, ƙarfe 12 na dare ƙarya ne, don haka manhaja na iya zaton ba a sa lokaci ba.

Java da Go da Rust sun hana sauyawar gaba ɗaya: dole sharaɗi ya zama Buliyan zalla, a rubuta `x != 0` (wato x ba sifiri ba ne) ƙarara. Haruffa ƙalilan ne suka ƙaru, kuma kuskuren na fitowa tun kafin manhajar ta fara aiki.