Bege, Kyau da Sana'a a Waƙoƙin Kano

Waƙa a birnin Kano kashi biyu ce: ta baka, wadda makaɗa da mata da 'yan mata ke yi, da rubutacciya, wadda malamai suka fara da ajami kafin boko ya zo. Manazarta kan raba jigoginta zuwa madahu (yabon Annabi), wa'azi, soyayya, siyasa, ilimi da sana'a. Wannan rabo yana da amfani a aji, amma a bakin mawaƙin Kano jigogin ba su cika rabuwa ba. Wanda zai yabi marini da bisimilla zai fara, wanda kuma zai yabi Annabi da kalmomin masoya zai yi.

Siga

Rubutacciyar waƙa ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, kuma ta ɗauki awonta daga aruli, wato ilimin awon waƙar Larabci. Ana gina ta da baitoci, kowane baiti da ɗangwayensa, wato layukansa: ƙwar biyu, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, da amsa-amo a ƙarshen ɗango. Akan buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da godiya, wani lokaci da sunan mai waƙar da shekarar da ya yi ta. Ko da a rubuce take, don kunne aka yi ta, sai an rera take cika.

Bege

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan fage ita ce bege. Ma'anarta ɗokin wanda ba ya kusa, kuma a Kano in aka ce "mai bege" ba tare da ƙari ba, mai yabon Annabi (SAW) ake nufi. Tushen abin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, musamman Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri. Ana rera su a watan Mauludi dare da rana, har zuwa ranar Takutaha, mako guda bayan 12 ga Rabi'ul Awwal, lokacin da jama'a ke hawa dutsen Dala.

Ɗariƙun sufaye sun ba wannan jigo gida. A Ƙadiriyya, Sheikh Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya bar ƙasidu masu yawa, kuma bandiri na rakiyar rerawa a zaman zikiri da ranar Maukibi, wato jerin gwanon Ƙadirawa na shekara-shekara. A Tijjaniyya akwai diwani, wato kundin waƙoƙi, na Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, da waƙoƙin malaman gari irin su Shehu Atiku Sanka. Daga nan ne sha'iran yau suka fito, masu cika majalisi a unguwanni.

Abin lura shi ne harshen da waɗannan waƙoƙi ke amfani da shi. Mai bege ba ya barci, abinci ya fita ransa, hawaye ya jiƙa masa riga, yana roƙon iska ta kai gaisuwa Madina. Duk wata siffa ta ciwon so da Bahaushe ya sani a rubuce, a nan ta fara nuna. Wanda ya taɓa zama majalisi ya ga dattijo na share ido da bakin rawani zai gane cewa ba ado ba ne kawai na magana.

So da kyau

Son mace da namiji ya daɗe bai sami wuri sosai a takarda ba, domin alƙalami a hannun malamai yake, ga kuma kunya. A baka ya rayu: waƙoƙin gaɗa a dandali, waƙar niƙa da daka a tsakar gida, da waƙoƙin kai amarya. In malami ya siffanta kyakkyawar mace a waƙar wa'azi, sau da yawa duniya yake nufi, mai lalle da kwalli da murmushi, wadda karin magana ya kira budurwar wawa.

Ma'aunin kyau kuwa sananne ne: wushirya, dogon hanci, dara-daran idanu, fatar da ake kira wankan tarwaɗa. Ana kamanta budurwa da farin wata sha kallo, ko Zara matar wata. Amma da wuya mawaƙi ya tsaya a jiki. Zai ƙara da kunya, ladabi da asali.

Abin ya sauya daga shekarun 1980, da littattafan soyayya da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, sannan finafinan Hausa daga 1990. Waƙar soyayya ta koma situdiyo da fiyano, namiji da mace suna amsa wa juna. Tasirin finafinan Indiya a fili yake, kuma malamai sun yi ta suka, har gwamnatin jiha ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Duk da haka, kalmomin da matasan ke rerawa, bege da shauƙi da ƙauna, na gidan madahu ne.

Sana'a

Garin da ke da Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da marinar Ƙofar Mata, da unguwanni masu sunan sana'a kamar Dukawa da Soron Ɗinki, ba zai rasa waƙar aiki ba. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Kirari ke zuga mai aiki, zambo kuma na rago.

A ƙarni na 20 marubuta sun ɗauki wannan jigo suka faɗaɗa shi zuwa ilimi da gina ƙasa. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega da ya zauna Kano har rasuwarsa a 1999, ya jagoranci ƙungiyar Hausa Fasaha, kuma diwaninsa Fasaha Aƙiliya yana cikin abin da ɗaliban Hausa ke karantawa. Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, shi ya jagoranci ƙungiyar Hikima, wadda 'yanta ke rera waƙoƙinsu a rediyo. Cikinsu akwai mata, irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, masu waƙa kan tsafta, tarbiyya da yaƙi da jahilci. A wajen waɗannan marubuta neman halal ibada ne, shi ya sa baitin da ke kiran saurayi ya kama sana'a kan zo daf da baitin da ke tuna masa lahira.

Ana nazarin waɗannan waƙoƙi a Jami'ar Bayero, inda ake adana rubuce-rubucen ajami da na boko. Yawancin sababbin waƙoƙi kuwa yanzu ta waya suke yawo, daga masu tura waƙa a kasuwar Farm Centre zuwa WhatsApp da YouTube.